Baƙar Ƙasar Gonar Kaka

Takalman ne suka fara gaya mini akwai magana. Na hauro daga kantin ƙasan bene riƙe da burodi da madarar Auta, sai na tarar da su jibge a ƙofar filat ɗin Hajiya, na mata kala-kala, a gefe kuma wani faffaɗan silifas na namiji wanda dunduniya ta cinye shi ta ɓangare guda. Taro ba baƙon abu ba ne a gidan. Duk macen da ta zo sari daga Kano ta san ƙofar nan a unguwar Al Karama ta Dubai, kuma in sun haɗu tun daga cikin lif za ka ji su, ana cinikin abaya ana zagin masu kago. Ranar ko tari babu. Na sa makulli na murɗa.

Da na tura ƙofar, jakata na gani a tsakiyar falo, an kife ta. Zannuwana, da rigar zuwa cocina, da hoton Mama, har da abin da mace ba ta shanyawa a waje, duk a baje a kan kafet, mutane sun kewaye su suna kallo kamar an kashe maciji. A kan teburin gilas kuma an ajiye 'yar kwalbar da nake adanawa a jakar, ita kaɗai. An kwance baƙin ƙyallen da ke jikinta an shimfiɗa shi a ƙarƙashinta.

"Rufe ƙofar," in ji Hajiya. "Ajiye burodin nan ƙasa. Kada ki ƙara taɓa komai nawa."

Hajiya ita ce uwar ɗakina. 'Yar cikin birnin Kano ce, tana da shago a kasuwar Al Sabkha, tana saye tana lodawa a kwantena tana turawa gida. Ni ce mai shara da wanke-wanke da rainon ƙaramar 'yarta, wadda kowa ke kira Auta. Daga Filato na zo, daga wani ƙauye can saman tsauni bayan Mangu, inda sanyi ke sa tsofaffi kwana da wuta a ɗaki. Na gama sakandare, ban samu ci gaba ba, wata 'yar cocinmu da ke aiki a Dubai ta haɗa ni da Hajiya. Ban taɓa ɓoye addinina ba, ita ma bai taɓa damunta ba muddin tukwanenta na ƙyalli. 'Yar Jos take ce mini, alhali Jos ɗin wucewa kawai na taɓa yi ta cikinsa.

Auta ta yi kwanaki tana tari da zazzaɓi. An kai ta asibiti, an ba da magani, bai kama nan da nan ba. Ni nake goya ta ina zagaye falon har ta yi barci. A sanina wannan ne kaɗai abin da ke damun gidan.

A kujerar kusa da taga akwai baƙuwar Hajiya, wata mai haƙoran Makka biyu da ta sauka gidan don sarin gwal. Tun ranar da ta iso take bina da ido daga kicin zuwa falo, kamar ni ce zan haɗiye mata sarƙa. Ita ta fara magana.

"Da idona na gan ta, Hajiya, wallahi ba labari aka ba ni ba. Jiya da hantsi a kicin, ta buɗe kwalbar nan ta ɗebo da yatsu biyu, ga kofin Auta a gefenta. Na ce a raina, to, ga tarin da ya ƙi jin magani."

Gaskiya ne ta gan ni. Kofin Auta kuwa kullum a nan yake zama, kusa da famfo, ko da kwalba ko babu. Abin da ta manta ta faɗa shi ne bakina na kai yatsun.

Na ce, "Hajiya, ƙasa ce."

"Mun san ƙasa ce," in ji namijin. "Ta wane kabari?"

Shi ne mai silifas. Malam suke ce masa. Na san shi, duk wanda ya taɓa bin layin shagon Hajiya ya san shi. Rabin shago yake haya, yana sayar da murfin waya da caja, a ƙarƙashin kanta kuma akwai zuma da man habbatussauda da ruwan tofi a robar ruwan sha. In ka je sayen caja saurayi ne kamar kowa, ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo a waya. Mata na shigowa sai muryarsa ta yi kauri, ya jawo carbi daga aljihu. Wannan aka ɗauko a tasi ya zo ya yanke hukunci a kaina.

Bari in faɗi abin da ke cikin kwalbar, tunda a falon nan ba wanda ya bar ni na kai ƙarshen magana.

Gonar Kakata tana jikin wani tsauni mai rami a ka, kamar an kife ƙwarya an fasa gindinta. Malaminmu na aikin gona ya ce mana tsaunin ya taɓa aman wuta tun kafin a yi mutane a wurin, wai ƙasar da muke nomawa tokar da ya watso ce ta daɗe ta haɗu da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Dariya muka yi masa, don tsaunin da muke kiwon awaki a kansa bai yi kama da abin da zai iya tafasa ko ruwan shayi ba. Amma ƙasar kam daban take, ko ido rufe ka taka za ka sani. Baƙa ce wuluk kamar gindin tukunya. Ba ta da nauyi. Daron da in an cika shi da jar ƙasar kwari sai babba ya ɗauka, in ita ce, yarinya ma za ta aza a ka ta hau gangare tana waƙa. Ƙafa nutsewa take yi a cikinta. Ruwan sama zai kwana ya wuni yana zuba, ka fito ba ka ga kududdufi ko ɗaya ba, ta shanye ta ɓoye. Da damina in ka ɗebo ta za ka ce ba ta jiƙe ba, tana warwashewa a hannu, amma murza ta tsakanin yatsu sai ta koma santsi kamar sabulu, ruwa ya fito daga inda ba ka zata ba. Dankalin Turawa a cikinta ba ya neman fartanya ranar haƙa, hannu kawai za ka zura ka jawo.

Tana da nata mugun halin. Cinye takin zamani take yi ta hana shuka, sai an yi ta ƙara mata, Baba kullum shekara sai ya zage ta a kan haka. Inda gangaren ya miƙe tsaye, in ta ƙoshi da ruwa, takan zame gaba ɗaya kamar bargo daga kan gado, da masarar da komai. Shi ya sa kakanni suka jera duwatsu layi-layi suka tare ta. Sannan ba a barinta tsirara. Ana gama girbi Kaka za ta sa mu lulluɓe kunyoyi da ciyawa da karan masara. In mun yi ƙunƙuni ta ce ƙasar nan in ta bushe har zuciya, ta mutu ke nan, ba ta ƙara shan ruwa, iska ce za ta kwashe ta.

A wurinmu in mutum zai yi nisa, tsohuwar gida ce ke ɗebo masa ƙasar gona. In ya sauka sai ya jefa ɗan kaɗan a ruwan da zai fara sha, kada ruwan baƙon wuri ya ɓata masa ciki. Sauran ya adana, in ajali ya same shi a can a zuba masa a kabari. Kaka ta hau har kunyar sama da sandarta ta ɗebo mini, ta ɗura a kwalbar man shafawa, ta naɗe da baƙin ƙyalle, ta ɗaure da zare ta ƙulla ta sake ƙullawa, yadda take ɗaure irin acca da na wake kada ƙwaro ya shiga. Ita ba ta san wani ɗauri ba sai wannan. Na sha nawa ranar da na iso. Daga baya in kewa ta dame ni sai in ɗan lasa. Ba ta da wani ɗanɗano, ƙamshin tsakar gidanmu kawai take yi in an yi yayyafin farko.

Iyakar abin ke nan. Na fara faɗa musu, ban kai ga Kaka ba mai haƙoran Makka ta tafa hannu.

"Ku ji ta! Wai lasa. Ke akuya ce? Duk abincin gidan nan bai ishe ki ba sai kin haɗa da ƙasa?"

Wata daga kan kafet ta ce, "Ku duba ƙullin nan fa. Uwar wa ke yi wa ƙasar gona ƙulli irin wannan? Mutanen kan dutsen nan ba a iya musu, Hajiya, na gaya miki tun farko ki ɗauko 'yar gida."

Ina durƙushe ina kallon hannayensu. Lalle, zobba, farce a gyare. Na tabbata kowaccensu tana da kakan da ya mutu da fartanya a kafaɗa, amma ka ba su gero da dawa a tsaye ba za su bambance ba. Sun zo garin da ake sayen ƙasa a buhu a kanti, garin da furen bakin titi ke shan ruwa ta siririn tiyo kamar marar lafiya a gadon asibiti, sun zauna a bene sun manta cewa ƙasa kala-kala ce. In ba ta yi kama da yashin da suke gani ta tagar mota ba, to ta kabari ce.

Ni da bakina na ce a kawo ruwa. Na ce, "Hajiya, don Allah a zuba mata ruwa, za ku ga ta zama taɓo, za ku ji ƙamshin gona." Na yi zaton da sun ji ƙamshin nan magana ta ƙare.

Hajiya ta yi wa wata alama, aka kawo ruwa a kofin gilas. Malam ya naɗe hannun riga, ya yi ta motsa leɓe, ya karkata kwalbar ya zuba garin a kai.

Bai nutse ba. Ya zauna a saman ruwan kamar toka, ya bazu har gefen kofin. Malam ya sa cokali ya juya, garin ya dunƙule ƙanana-ƙanana yana yawo, ya ɗago cokalin, a bushe. Sai a sannan na lura ba baƙa wuluk ba ce yanzu, ta yi fari-fari kamar kwalli ya tsufa. A ɗan sito na bayan kicin nake kwana, inda esi ba ya kaiwa, jakata na jingine da bangon da rana ke duka tun safe. Murfin kwalbar kuma ya tsage tun a hanya. Zafin garin nan ya daɗe da shanye ta har zuciya. Abin da Kaka ta yi ta faɗa muna ƙunƙuni ya faru a gabana, a kan teburin gilas, a gaban mutanen da ba su san ana lulluɓe gona ba.

"A'uzu billahi!" Malam ya ja da baya. "Kun gani da idonku? Akwai ƙasar Allah da ruwa ba ya jiƙawa? Wannan an yi aiki a kanta, Hajiya, aiki babba."

Na ce bushewa ta yi. Na ce irinta haka take in ta bushe. Muryata ko ni ban ji ta sosai ba.

Mai haƙoran Makka ta zabura za ta matsa nesa, jakar hannunta ta suɓuce ta faɗi a kan teburin, daidai inda garin ya zube. Jaka ce mai maɓallin maganaɗisu, wadda ta kwana biyu tana nuna wa kowa tana faɗin shagon da ta saye ta. Ta ɗago ta, sai ga baƙin gashi-gashi ya tsaya cirko-cirko a jikin maɓallin. Muna yara wasanmu ke nan. Mukan ciro maganaɗisun matacciyar rediyo mu ɗaura masa zare mu ja shi cikin kunya, ya fito da gemu, mu yi ta dariya. Akwai ƙarfe-ƙarfe a ƙasar, kowane yaro a ƙauyenmu ya sani. Ita kuwa ta kurma ihu ta yi jifa da jakar har ta bugi talabijin.

"Yana motsi! Wallahi yana motsi, ya kama ni!"

Babbar mace, mai jikoki, mai hawa jirgi kamar motar kasuwa, tana tsalle a kan kujerar mutane saboda abin da 'yan shekara biyar ke wasa da shi a garinmu. A lokacin ban ga abin dariya ba. Yanzu ma in na tuna ba dariya ke zo mini ba.

Ihun ya tashi Auta. Ta fito daga ɗaki tana tari, ta miƙo hannu wajena kamar yadda ta saba. Hajiya ta fizge ta ta rungume. A nan ne na ga fuskarta sosai, na gane ita ba wasa take yi ba, ta yarda har ranta cewa ni nake kashe mata 'ya. Ita kaɗai ce a falon nan nake iya yi wa uzuri, shi ma ba kullum ba.

Ta ɗauki waya ta ce 'yan sanda za ta kira.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san sihiri ba maganar unguwa ba ce, laifi ne na ɗauri, in ka gama a sa ka a jirgi, ba ka ƙara dawowa. Balle a ce ka ba ƙaramar yarinya wani abu a kofi. Na kama ƙafar kujera.

Malam ma ya ji kalmar. Nan take muryarsa ta koma ta mai sayar da caja.

"A'a Hajiya, ba sai an sa hukuma ba. Irin wannan mu muke warware shi cikin sirri. Shwaiya shwaiya, Hajiya, a yi a hankali."

Ba ta ko dube shi ba, ta riga ta kara wayar a kunne. Ya ce bari ya ɗan sauka, ya bar kwastoma a shago. Ko lif bai jira ba, muna jin silifas ɗin nan na dukan matakala har ƙasa. Mutumin da ya gane ƙasar kabari da kallo ɗaya, ya san robobin da ke ƙarƙashin kantarsa ba za su so a tambaye su ba. Matan ma sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna tuna saƙon da suka bari a kasuwa. Kafin a ƙwanƙwasa ƙofa tarin takalman nan ya koma ƙafa biyu, na mai haƙoran Makka da nawa.

'Yan sandan su biyu ne, mace da namiji. Ba wanda ya ɗaga mini murya. Macen ta sa safar hannu, ta zuba kwalbar da ƙyallen da zaren a leda ta liƙe, ta ce mini yalla, wato mu tafi. Na bi su da silifas ɗin wanka.

A ofishinsu aka kawo tafinta, wani dattijo baƙi dogo ɗan Sudan. Ya ce kakanninsa Hausawa ne da suka tashi zuwa Makka a ƙafa suka zauna a hanya. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, akwai kalmomin da sai na yi tunani. Ya zauna ya ce, "'Yata, faɗi, ba mai katse ki." Tun da aka fara abin, shi ne na farko da ya bar ni na kai ƙarshe. Na faɗi tsaunin, na faɗi Kaka, na faɗi ruwan baƙon wuri. Yana juyawa da Larabci, macen na rubutawa, fuskarta ba ta nuna komai. Na ce a ba ni in cinye sauran a gabansu, in guba ce ni ta kashe. Dattijon ya girgiza kai ya ce ba haka ake yi a nan ba, akwai masu auna abu, su za su faɗi abin da yake.

Suka riƙe fasfona. Suka ce in akwai mai tsaya mini in tafi in jira kira, kada in yi nisa. Na kira Anti, 'yar cocin nan da ta kawo ni. Tana shara a ofishin wani sito a Ras Al Khor, ta baro aikinta ta zo da rigar aiki a jikinta, ta sa hannu. Da muka shiga bas ta juyo ta ce mini:

"Ke yanzu duk abin da ke Filato, ga dankali, ga acca, ga tumatir, ba ki ga abin ɗaukowa ba sai ƙasa? Da dankalin kika kawo da yanzu mun soya."

Na fashe da kuka. Ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta ta ce, "Yi shiru, sakarya. Ni ma an ba ni tawa. A filin jirgin Abuja na zubar a kwandon shara, don na san mutanen da zan tarar."

Ɗakin Anti irin wanda ake hayar gado-gado ne, mata cike, kowa da labulenta. Ta ba ni rabin katifarta. A nan na yi zaman jiran. Da rana duk suna wurin aiki, ni kaɗai, in an taɓa ƙofar maƙwabta sai in miƙe tsaye. In mota ta tsaya a ƙasa sai in leƙa. Abinci ya ƙi shiga. Ina ta lissafin abin da masu aunawar za su gani. In suka zuba mata ruwa ta ƙi sha fa? In suka ga ƙarfen nan suka ce wani abu ne? Su ma a yashi aka haife su, ina za su san ƙasar da ke mutuwa?

Labari kuwa ya riga ya zaga. Wata a ɗakin tana cikin guruf ɗin matan kasuwa, ta riƙa kunna mana saƙonnin murya. A na farko kwalba ce. Kafin a jima ta zama tukunya. Sai aka samu gashin Auta a ciki, sai farcen Hajiya, sai wata ta rantse da abin da zai kashe ta cewa garin ya tashi sama ya bi mai haƙoran Makka har banɗaki. Na ji muryar ita kanta tana ba da labarin yadda ta yi ta maza ta tsaya ta kare Hajiya. Na ji wata da ban taɓa gani ba tana cewa ta daɗe da sanin halina. Kowane saƙo da salati yake farawa, da addu'a yake ƙarewa, a tsakiya kuma ƙarya ce zalla. Waɗannan su ne manyan mata, masu kwantena, waɗanda in sun koma gida ake shimfiɗa musu darduma ana tambayarsu labarin duniya.

Mama ta kira ranar Lahadi bayan coci. Na ce mata mura nake yi, shi ya sa muryata ta canza. Ta miƙa wa Kaka wayar. Kaka ba ta iya riƙe waya ba, ihu take yi a ciki kamar tana kiran mutum daga ƙasan tsauni. Ta ce an yi ruwa mai kyau, dankali ya yi fure. Ta ce, "Ruwan can ya karɓe ki? Kin sha abin da na ba ki?" Na ce na sha, Kaka. Ta ce to madalla, ki adana sauran, kada ki bar shi a buɗe.

Kiran 'yan sanda ya zo da hantsi, ranar aiki. Anti ta sake baro shararta. A bas ban iya zama ba, na riƙe ƙarfe ina kallon gine-gine suna wucewa, ina tunanin ko kallon ƙarshe nake yi musu, kuma ban ji zan yi kewar ko ɗaya ba.

Hajiya na can a kan benci, ita kaɗai, ba ƙawa ko ɗaya. Auta na kan cinyarta tana cin biskit, tarin ya tafi. Daga baya Anti ta ji cewa likita ya ce ƙurar esin ɗakinsu ce, an wanke shi, an canza magani. Yarinyar ta gan ni ta fara zillo. Na kau da kai, don in na dube ta zan rushe.

Aka shigar da mu. Macen nan ce dai, da dattijon. Ta buɗe takarda ta karanta, shi kuma ya juyo gare ni.

"'Yata, turab. Ƙasa ce. Sun ce ƙasar dutsen wuta ce, babu guba, babu ƙwaya, babu komai. Hajiya ta janye maganarta. Ba a binki da laifi."

Ban gane ba. Na ce ya sake faɗa. Ya sake, a hankali, kamar mai yi wa yaro magana. Ya ƙara da cewa ba a shigo da ƙasa garin nan haka kawai, saboda cutar shuka, don haka ba za a mayar mini da ita ba, kuma kada in sake. Macen ta turo mini fasfona ta kan tebur, ta ce khalas, wato shi ke nan.

Hajiya ta gyara mayafi. Ba ta dube ni ba, bango ta duba.

"To, 'yar Jos, ai sai ki yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne da bakin mutane. Ki zo mu tafi gida, wanki ya taru, Auta ma ta ƙi kowa."

Anti ta ce, "Hajiya, a kira Malam ya yi wankin mana."

An miƙo mini leda, kwalbar ce a ciki an wanke ta tas, da baƙin ƙyallen Kaka, da zaren, ƙulli ɗaya bai kwance ba. Ana kiran sallar azahar a masallacin bayan ofishin, dattijon ya miƙe zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Tashi mana, 'yata. An ce ba komai." Na ce to, Baba. Na zauna dai, fasfo a hannu ɗaya, leda a ɗaya, har sai da Anti ta kama ni ta ɗaga.